Ranar da Baffa Hallur Ya Ga Birni

Reykjavik, farkon watan Mayu

Unnur tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatun ungozoma kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma rigima da mai kifi, kin kuwa san babu shaidar lafiyarta da ta wuce wannan. Teitur ya fito da haƙori na uku, a yatsana ya gwada shi. Ya fara rarrafe, amma da baya yake yi, duk inda ya nufa sai ya ƙare a ƙarƙashin gado yana kiran a zo a cece shi.

Ga labari. Baffanki Hallur ya sauka jiya daga gabas, ya zo a yi masa haƙoran roba. Mutum ya kai shekara saba'in bai taɓa taka Reykjavik ba. Ya shigo yana warin tumaki da garin taba, ya dubi ɗakinmu ya ce, "A nan kuke kwana, ko a nan kuke ajiye takalma?" Ya ce rana ɗaya tak ya ware wa birnin, don ya ji an ce bai fi haka ba, ga shi tumakinsa sun kusa haihuwa. Na roƙi hutun ranar Alhamis a gareji. Zan zaga da shi ko'ina, mu tafi da Teitur ya sha iska, Inna ta samu ta miƙe ƙafa.

Gidan babu daɗi ba ke. Ki gama ki dawo mana.

Mijinki,
Ketill

*

Kopenhagen

Ketill,

Na samu wasiƙarka, na karanta wurin haƙorin nan har na haddace. Lafiyata lau, sai gajiya. Jiya haihuwa biyu na karɓa kafin in karya. Ka gaishe da Inna, ka gaishe da Baffa, ka ce masa in ya raina Reykjavik ya zo ya ga wannan garin da nake ciki, sai hularsa ta faɗi.

Na san wasiƙar nan ba za ta riga Alhamis isowa ba, amma bakina ba zai yi shiru ba. Hular ulu za ka sa wa Teitur. In kun shiga shan kofi, ka bar shi a waje cikin keken jarirai kamar yadda kowa yake yi, ka juya keken ya ba iska baya, ka sauke masa mayafi. A waje ya fi yin barci mai nauyi. Kuma don Allah kada ka bar Baffa ya ba shi busasshen kifi, na san halinsa.

Ka rubuto mini duk abin da ya faɗa a kan birnin, kada ka rage ko ɗaya.

Taka,
Unnur

*

Kopenhagen, tsakiyar Mayu

Ketill,

Ina fata kuna lafiya. Fatan kawai nake yi, tunda ba ka ga dama ka rubuto ba. Ni lafiyata ƙalau har zuwa safiyar yau.

Yarinyar da muke ɗaki ɗaya, ita ma 'yar ƙasarmu ce, an aiko mata da jaridu daga Reykjavik. Muna cin abinci ta karanto mana wani ɗan labari. Wai wasu maza biyu sun fito daga gidan kofi a titin Laugavegur suka tura keken jaririn da ba nasu ba, wani kuma ya riga ya tafi da nasu. Ba a sa sunan kowa ba. Ni na fi kowa dariya, har ina cewa wane irin uba ne wannan, a ba ni shi in wanke shi tas. Sai ta kai layin ƙarshe. An ce ranar Alhamis ce, kuma ɗaya daga cikin mazan dattijo ne baƙo daga gabas, ana zagawa da shi gari.

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Na karɓi jaridar na karanta da kaina. Ba ta ce an mayar da yaran ba, cewa ta yi ana ƙoƙari.

Na san dattawan gabas ba su da iyaka, na san kowace mace a Reykjavik keken nan shuɗi take turawa. Tun safe nake faɗa wa kaina haka, jikina ya ƙi yarda. Ka rubuto ka ce mini na haukace, zan gode maka.

Unnur

*

Reykjavik

Unnur,

Ina gaishe ki. Ni da Inna lafiyarmu lau. Ba ki haukace ba, mu ne. Teitur yana raye, an ce mini yana lafiya, amma ba ya hannuna. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, sannan ki zage ni yadda kike so.

Mun fita da hantsi, rana ta fito, iska kaɗan. Daga bakin tafki muka fara. Baffa ya tsaya yana kallon agwagi ya ce, "Duk wannan nama yana yawo, babu mai shi?" A nan ya ƙwace keken daga hannuna, wai ina tura yaro kamar mai raka gawa. Ya ce shi da ya san tumakinsa ɗari biyu kowace da fuskarta, ba jariri ɗaya ne zai gagare shi ba. Na bar masa, don na ga abin yana yi masa daɗi.

Muka je gaban majalisa. Ya ƙare mata kallo ya ce, "Ita ke nan? Rumbun ciyawata ya fi ta tsawo." Amma sai da ya cire hula kafin mu wuce. Muka hau tudu wurin sabon cocin nan da aka daɗe ana ginawa. Ya kira wani magini ya ce, "Ɗana, ni ba zan ga ƙarshen ginin nan ba, kai ma ba za ka gani ba, amma dai sannu da aiki." Daga can sama ya hangi dutse a ƙetaren ruwa, ya daɗe yana kallo, har na zaci birnin ya fara burge shi. Ashe lissafin tumakin da za su iya kiwo a gindinsa yake yi.

Da yunwa ta kama mu muka gangaro Laugavegur. Teitur ya yi barci. Na yi duk yadda kike so, na juya keken ya ba iska baya, na sauke mayafi, na ajiye shi a gindin taga kusa da wani keken shuɗi irin namu sak. Muka shiga. Baffa da dasashi yake cin fanke, kirim har gemu, yana tambayar mai kawo kofi ko ita 'yar gidan wa ce. A teburin kusa da mu akwai wani ƙaton mutum shi kaɗai, sai duba agogon bango yake yi. Da jirgi ya yi kuka daga tashar jiragen ruwa sai ya miƙe a gaggauce. Na gan shi, Unnur. Na ga bayansa ta taga yana tura keke da sauri, ban kawo komai a raina ba.

Muka fito, keke ɗaya ya rage, Baffa ya kama. Ban ɗaga mayafin ba don kada in tashe shi. Muka gangara tasha, don Baffa yana so ya ga manyan jirage. Muna isa jirgin arewa yana barin gaɓa. Baffa ya cire hula yana ɗaga wa mutanen ciki, ni ma na ɗaga musu hannu. Mun tsaya har ya fita bakin tasha.

Daga nan muka shiga gidan tarihi, muka sake barin keken a ƙofa. Baffa ya ga tsofaffin kayan saƙa a cikin gilashi ya ce irin su ne a ɗakinsa, a biya shi a zo a kalla. Sai da la'asar muka iso gida, ina ta yabon yaro mai barci.

Inna ce ta ɗaga mayafin. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Ketill, ɗiyar wa ka kawo mini?"

Na ce, "Wace ɗiya kuma, Inna?"

Ta ce, "Zo ka ga ɗanka ya yi jan gashi."

Ban san lokacin da na fita ba. Na isa gidan kofi ba hula, babu keke a gindin taga. A ofishin 'yan sanda na tarar labari ya riga ni zuwa, an yi magana ta rediyon jirgi. Sunan mutumin Gestur, masunci ne daga Kaldavik, can ƙarshen arewa. Ya kawo ɗiyarsa Svala wurin likita saboda ciwon ƙirji, matarsa Signy tana gida da sauran yara huɗu. Sai da jirgi ya yi nisa yaro ya farka, ya buɗe ya ga ba tasa ba ce.

Na roƙa a juyo da jirgin. Aka ce ƙanƙarar teku tana gangarowa, in ya ɓata lokaci ƙauyukan arewa ba za su samu gari da magani ba. Ya sauke su a Kaldavik ya fito da ƙyar, ƙanƙara ta rufe bakin ruwan a bayansa. Hanyar mota tana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, hazo kuma ya hana ƙaramin jirgin sama zuwa. Waya ɗaya ce a ƙauyen, a kanti, muna magana da Gestur duk ranar da layi ya yi kyau.

Da na dawo gida na samu Baffa zaune a kan matakala. Ya ce, "Da kun yi masa alama a kunne kamar na tumaki..." Bai ƙarasa ba ya rufe fuska da hula. Ban taɓa ganin tsoho yana kuka haka ba.

Ban rubuto miki ba don na zaci gobe ko jibi za a gama, in ba ki labari muna dariya. Kada ki taso. Ko kin zo, teku ɗaya za mu zauna muna kallo, ga jarrabawarki ta ƙarato.

Ketill

*

Kopenhagen

Ketill,

Ka gaishe da Inna. Lafiyata kada ka tambaya.

Kun ɗaga masa hannu. Duk abin da ka rubuta, nan na tsaya. Ɗana yana cikin jirgi a hannun mutumin da bai san sunansa ba, ubansa yana gaɓa yana yi masa sai wata rana. Daga gidan kofi zuwa tasha, daga tasha zuwa gidan tarihi, daga can zuwa gida, ko sau ɗaya ba ka yi marmarin ganin fuskarsa ba? Ba Baffa nake zargi ba, shi baƙo ne. Kai ne ubansa. Ni ce kuma uwar da ta yaye shi ta hau jirgi, wannan ma ban manta ba, ba sai an tuna mini ba.

Na haɗa akwati na kwance, na sake haɗawa. Gaskiyarka, zuwana ba zai narkar da ƙanƙara ba, kuma na tsani gaskiyar nan taka. A nan aƙalla hannuna yana da aiki. Amma duk jaririn da na karɓa sai na ƙura masa ido har uwar ta tsargu.

Yanzu ka saurara. In kun yi waya ka tambayi Gestur me suke ba shi. Ka gaya musu ba ya shan madara da sanyi, kuma ba ya karɓar cokali sai an fara taɓa masa a leɓe. Ka tambaya ko ciwon ƙirjin nan na yarinyar akwai wani mai shi a gidan. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Yara huɗu a ɗaki ɗaya, ga sanyin arewa, ga babu likita.

Ɗiyar mutane kuma ka riƙe ta kamar ƙwai. Duk abin da ka yi mata, shi nake roƙon Allah a yi wa nawa.

Unnur

*

Reykjavik, ƙarshen Mayu

Unnur,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna tana gaishe ki, ta rame. Na isar da saƙonki duka, Gestur ya ce Signy ta ji.

Svala ba ta da lafiya. Maganinta ya tafi arewa a aljihun ubanta, kafin mu gane likitan da ya duba ta mu karɓo wani, tarin ya dawo. Yanzu ga zazzaɓi. Likita yana zuwa gida yana yi mata allura, in na tambaye shi sai ya ce mu dai jira. In tana numfashi ƙirjinta yana ƙara kamar ana yaga tsumma.

Baffa ya ƙi komawa. Ya aika wa maƙwabta su kula da haihuwar tumaki, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi. Wuni yake yi yana zagaya ɗaki da ita a kafaɗa. Haƙoran da ya zo dominsu suna aljihunsa, wai in ya sa su tsoro take ji. Jiya Inna ta ce, "Hallur, ka ajiye ta ka ci abinci." Ya ce, "Ni na ɗauko ta, ni zan ajiye ta a hannun uwarta. Ki ci naki."

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya layi ya yi kyau. Gestur ya ce, "Yaya Svala?" Ina tsaye a ofishin waya, rigata tana warin maganinta, na buɗe baki na ce, "Lafiya lau take, har wasa take yi." Na kasa gaya wa mutumin da ƙanƙara ta tsare cewa ɗiyarsa tana wannan hali. Sai na ce, "Yaya Teitur?" Ya ce, "Lafiya lau yake, har wasa yake yi."

Na ajiye waya na fito, ina tsakiyar titi abin ya faɗo mini. Kalmomina ya maimaita, da irin muryata. Tun ranar farko haka yake ce mini, ni kuma nake kwaso miki. In ni na iya yi masa ƙarya don tausayi, me zai hana shi? Ban san komai a kan ɗanmu ba, Unnur, sai abin da mutum irina ya ga dama ya faɗa.

Ina jin tsoron yarinyar nan ta mutu a hannuna. Ina kuma jin kunyar cewa rabin tsoron ba don ita ba ne.

Ketill

*

Kopenhagen

Ketill,

Na gaishe ku duka. Ka ce wa Baffa na gode, kuma ya ci abinci.

Ka koma ofishin waya ka gaya masa gaskiya. Duka, da zazzaɓin, da allurar, da abin da likita ya ce da wanda ya ƙi cewa. Ɗiyarsa ce, yana da hakkin ya ji tsoro a kanta. Kuma ba zai taɓa buɗe maka baki ba sai ka fara buɗe naka. A nan na ga yadda iyaye suke yi in an ɓoye musu, ba ɓoyewar ce take kashe su ba, ranar da suka gane ce.

Ka dafa ruwa a ɗakin tururi ya tashi, ka ɗaga mata kai in za ta kwanta. Ko da cokali ne ta riƙa shan ruwa.

Duk abin da ya ce maka ka rubuto mini shi yadda ya faɗa. In ka gyara ko kalma ɗaya zan gane, na san rubutunka in kana lallashi.

Unnur

*

Reykjavik

Unnur,

Ina gaishe ki. Zazzaɓin Svala ya ɗan sauka, ta sha madara da safe. Wannan gaskiya ce, ban gyara ba.

Na yi abin da kika ce. Na ce, "Gestur, na yi maka ƙarya." Na zayyana masa komai. Na ji numfashinsa ta waya. Can ya ce, "Ta yi kukan uwarta?" Na ce ta yi. Sannan ya ce, "To, ni ma ka saurare ni, ɗan'uwa."

Ga maganarsa. Tun da suka isa Teitur ya ƙi cin komai. Madara, kunu, duk turewa yake yi, ya yi kuka har murya ta dushe, ya rame. Ƙaramin ɗansu yana tari, shi ma ya ɗauka. Signy ba ta yaye Svala ba, nono ya cika yana yi mata ciwo. Da ta ga yaro zai tafi a hannunta sai ta sa shi a ƙirji, ya kama. Gestur ya ce sun ji nauyin gaya mana, ba su san yadda za ki ɗauka ba.

Na ce, "Yanzu fa? Yau yaya yake?"

Ya ce, "Yana sha. Amma tun jiya jikinsa..."

Layin ya mutu a nan. Na yi ta kira, matar ofishin ta ce iska ta kayar da turakun waya a kan dutse, babu mai iya hawa gyara sai ta lafa. Kullum da safe ina zuwa, kullum tana girgiza mini kai tun daga ƙofa. Daga can nake wucewa tasha in tambayi labarin ƙanƙara. Masunta sun san ni yanzu, in sun hango ni sai su sunkuyar da kai.

Ketill

*

Kopenhagen, farkon Yuni

Ketill,

Na gaishe ka. Na rubuta jarrabawar, ban san abin da na rubuta ba.

"Tun jiya jikinsa." Na ƙarasa maganar nan ta kowace hanya. Jikinsa ya yi zafi. Jikinsa ya yi sauƙi. Akwai ta ukun da ba zan rubuta ba, ita ce kuma take bina har cikin ɗakin haihuwa.

In layi ya dawo, kafin ka tambayi komai ka ce wa Signy ta ci gaba da ba shi nono. Ka ce ni na ce. Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye maka ba, kishi ne da godiya a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba. Amma ta ba shi.

Na samu wuri a jirgin ruwan da zai taso ranar Asabar ta sama.

Unnur

*

Reykjavik

Unnur tawa,

Yana gida. Yana raye, yana barci a gadonsa, ina ganinsa daga inda nake rubutu. Gaisuwar ta biyo baya yau, ki yi haƙuri. Kowa lafiya.

Layin bai dawo ba har yanzu. Iska ce ta juya ta kore ƙanƙarar, jirgi ya samu ya shiga. Jiya da hantsi wani daga tasha ya zo gareji da gudu ya ce jirgin arewa ya kusa. Babu wanda ya san ko suna ciki. Na ɗauko Svala, Baffa yana biye da ni, Inna tana ɗingishi a baya ta ƙi a bar ta. Keken muka bari a gida, babu wanda ya ko kalle shi.

Mutane suka yi ta saukowa, ina duba hannun kowa. Na ce a raina in na ga Gestur shi kaɗai hannu wofi, a nan zan faɗi. Sai ga wata gajeriyar mace mai jan gashi ta sauko, ta ɗaure wani abu a ƙirji cikin rigar ulu. Ba ta tambayi kowa ba, ta nufo ni kai tsaye, idonta a kan Svala. Ta buɗe rigar, ga Teitur. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, haƙoransa sun zama biyar. Zazzaɓi ne ya kama shi ranar da waya ta yanke, ta ce ya kai su bakin tsoro sannan ya sake shi.

Na miƙa mata tata, ta miƙo mini nawa. Abin da ya biyo baya ban shirya masa ba. Svala ta ƙanƙame wuyan rigata tana ihu, tana miƙa wa Baffa hannu. Teitur kuwa ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya sandare, ya juya yana neman Signy. Muka tsaya a gaɓa kowa riƙe da nasa, kowane yaro yana kukan wancan. Signy tana dariya hawaye yana zuba, ta ce, "Kai, wannan ɗa naka akwai ci, ya kusa ƙarar da ni." Baffa ya matso ya cire hula ya ce, "'Yata, ni ne mai laifin." Ta dube shi ta ce, "Kai ne mai tumakin? To mijina ma kifi yake ganewa, ku je ku ƙarata."

Tana nan gidanmu da Svala har likita ya sallame su. Ba don haka ba ban san yadda za mu yi ba, domin Teitur ba ya yarda da ni, ba ya yarda da Inna. Ba ya barci sai Signy ta ɗauke shi ta yi masa wata waƙa ta mutanen arewa. Tana cikin yi zai saki jiki. In na gwada tawa sai ya buɗe ido ya fara kuka.

Baffa zai tafi gobe. Na ce ko zai ƙara zaga gari kafin ya wuce, ya ce ya ga abin da ya ishe shi.

Mijinki,
Ketill

*

Kopenhagen

Ketill nawa,

Wasiƙarka ta same ni ina ɗaure akwati. Na zauna a ƙasa na karanta layin farko, sauran sai da aka karanta mini. Allah na gode. Ka rungume mini Inna. Ka ce wa Signy ba ni da kalmar da zan aika mata ta takarda, sai na zo.

Ka ce ya dube ka kamar bai taɓa ganinka ba, kai da kuka rabu wata ɗaya. Ni tun yana jariri sosai na tafi. Na san abin da ke jirana a tasha, ina ta shirya zuciyata, ta ƙi shiryuwa. Kada ka miƙo mini shi a gaban mutane. Ka bari mu je gida, in zauna kusa, ya zo da kansa in ya ga dama.

Abu ɗaya nake roƙo. Wannan wasiƙar za ta riga ni isowa ta jirgin sama. Ka roƙi Signy kada ta koma arewa sai na iso, ko da likita ya sallame su. Ina so ta zaunar da ni ta koya mini waƙar nan, tun daga farko har ƙarshe, yadda take yi masa.

Taka,
Unnur